Yini Guda a Hanya da Motar da Ke Taka Wa Kanta Birki

Yayata ce ta sayi motar, ni kuma aka ɗora wa nauyin kai mata ita garin da take aiki, tafiyar yini guda cur a kan babbar hanya. Kawu ya ce zai raka ni. Tsohon direban tirela ne, ya daɗe a kan titi kafin ciwon gwiwa ya sa shi ajiye makulli, kuma har yanzu in ya zauna a gefen mai tuƙi, ƙafarsa ta dama ba ta daina laluben birki a inda babu shi.

Motar tana da wata na'ura da ake rubuta sunanta da haruffa uku, ACC. Aiki biyu take yi a haɗe. Tana riƙe maka gudun da ka zaɓa ba sai ka taka totur ba, sannan in ta cim ma wata mota mai tafiya a hankali, ta rage gudu da kanta, ta bar tazara, har birki tana takawa in ta kama. Kowane kamfani da sunan da ya ba ta: Toyota na ce mata Dynamic Radar Cruise Control, Nissan Intelligent Cruise Control, Hyundai da Kia Smart Cruise Control, Mercedes kuwa Distronic. Ni na'urar tazara nake ce mata. Kawu tun daga tashinmu har saukarmu "abin nan naka" yake cewa.

Daren da za mu tashi na ɗauko littafin motar na karanta sashenta kaf. Bayanin yadda ake kunna ta ɗan kaɗan ne, amma jerin wuraren da aka ce kada a dogara da ita shafi ne bayan shafi. Waɗanda suka ƙera abu su suka fi kowa sanin inda yake gazawa, kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro. Abin takaicin shi ne littafin nan a akwatin gaban mota yake tsufa, da ledarsa.

Da sassafe, kafin in tayar da inji, na ɗauki tsumma na goge tambarin kamfanin da ke hancin motar, na kuma goge saman gilashin gaba daidai bayan madubin tsakiya. Kawu na tsaye yana kallona.

"Wankin mota ne da duhun nan?"

"A'a, Kawu. Bayan tambarin nan akwai rada, can sama kuma kyamara ce. In laka ko ƙura ta rufe su, shi ke nan, na'urar ba ta ganin komai."

Radar tana harba igiyar rediyo mai mitar gigahaz 76 zuwa 77, ta bugi abin da ke gaba ta dawo, daga abin da ya dawo kuma kwamfutar motar ta lissafa nisa da bambancin gudun da ke tsakani. Tana hangen mita 150 zuwa 200, wasu ma fiye. Kyamara ita ke taimaka mata wajen gane ko abin da aka hango mota ce, da kuma layin da take. Akwai motocin da kyamarori biyu kawai suke amfani da su ba rada, irin tsarin EyeSight na Subaru. Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce to, mu je mu gani.

Cikin gari ban taɓa ta ba. Sai da gidaje suka ƙare, hanya ta buɗe ta zama layi biyu kowane hannu da shinge a tsakiya, allon hanya ya nuna kilomita 100, sannan na kunna. Na kai motar gudun da kaina, na danna maɓallin da aka rubuta wa SET a kan sitiyari, na ɗaga ƙafa daga totur. Motar ta ci gaba da tafiya sumul. Ƙafar tawa ban janye ta baya na naɗe ba, na ajiye diddige a ƙasa daidai gaban birki, yatsu na fuskantarsa. Haka ta yini.

Ba mu jima ba muka cim ma wata tanka. Hoton mota ya fito a allon gabana, alamar na'urar ta kama ta. Muna matsowa sai gudu ya fara raguwa a hankali, 95, 88, 80, har muka daidaita a bayanta. Na lura hannun Kawu na kan dashbod, ya dafe.

"Kai ka taka?"

"Ban taka ba, Kawu."

Ya yi shiru na ɗan lokaci. Tambayar da ya yi daga baya irin ta wanda ya daɗe yana bin bayan mutane da kaya mai nauyi ce. Ya ce, in ta taka birki da kanta, fitilar baya na kamawa kuwa? Na ce tana kamawa, na bayanmu yana gani kamar yadda zai gani in ni na taka. Sai ya gyaɗa kai ya sauke hannunsa.

Ya ce ya san tsohuwar irinta, wadda in ka saita mata gudu ta riƙe shi ke nan, ko bango ne a gaba sai ta je masa. Wannan tsohuwar ta daɗe a duniya. Wani injiniya Ba'amurke, Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana yaro, shi ya yi mata rajistar mallaka a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya sa ta a motocinsa a 1958. Mai lura da tazara sai a shekarun 1990 ta fito. Mitsubishi ya sa wata mai aiki da hasken leza a motarsa Diamante a 1995, amma ita totur kawai take saki ta sauke giya, ba ta taɓa birki. A 1999 Mercedes ya kawo mai rada a S-Class, wadda ke iya taka birkin. Na gaya wa Kawu wannan don ya san ba jiya aka fara ba, ya ce daɗewar abu ba ita ke sa a amince masa ba, sai an ga halinsa.

Inda muka fi daɗewa muna magana shi ne tazara. Akwai wani maɓalli mai hoton mota da sanduna a gabanta. Duk dannawa ɗaya sanda ɗaya ta ragu, tazara ta matse. Na bar shi a mafi tsawo. Na'urar da daƙiƙa take auna tazarar, ba da mita ba, shi ya sa in gudu ya ƙaru filin da take bari ya faɗaɗa, in ya ragu ya tsuke. Kawu bai yarda da allo ba. Ya jira tankar ta wuce wani turken fitila, ya ƙirga a hankali har mu ma muka wuce shi, ya ce biyu da ɗan ɗoriya. Ya ce su a tirela ba sa yarda da ƙasa da huɗu, amma ga ƙaramar mota a busasshiyar kwalta wannan ba laifi.

Lissafin ba shi da wuya. A gudun kilomita 100 mota na cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Tazarar daƙiƙa biyu mita 56 ke nan. Sanda ta ƙarshe, wato tazara mafi ƙanƙanta, a yawancin motoci kusan daƙiƙa ɗaya take bayarwa, ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 15622 ma ta yarda a sauka har daƙiƙa 0.8. Mutum kuwa, daga lokacin da idonsa ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafarsa ta danna birki, yakan ci daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ma hankalinsa na kan hanya. Wato a sanda ta ƙarshe, tazarar ta ƙare tun birki bai fara kamawa ba.

Wani zai ce ai na'ura ta fi mutum saurin gani. Haka ne, amma an ɗaure mata hannu da gangan. Ƙa'idar nan ta hana ta yin birki mai tsanani: a babban gudu, ba a yarda ta rage fiye da kimanin mita 3.5 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa ba, alhali direban da ya danne birki iya ƙarfinsa a busasshen titi yana samun 8 ko fiye. Ƙasa da rabin ƙarfin birkin ke hannunta. An yi haka ne don kada ta riƙa wurga fasinjoji gaba, ko ta ja na baya ya daki mutum saboda ƙaramin kuskuren gani. In ta ga abin ya fi ƙarfinta, ƙara take yi ta haska jan gargaɗi, ma'ana kai ka karɓa. Motoci da yawa suna da birkin gaggawa mai aiki da kansa, amma wannan wata na'ura ce dabam, a ƙurarren lokaci take shigowa, sau da yawa kuma rage ƙarfin karo take yi maimakon hana shi.

Doguwar tazara tana da nata ɓacin rai. Duk wanda ya ga fili a gabanka sai ya faɗa ciki. Wata ƙaramar mota ta shigo mana haka daga hagu ba ko sigina, na taka birki da kaina tun na'urar ba ta farga ba. Radar gaba take kallo ta ƙunƙuntar kafa, motar da ke kutsowa daga gefe ba ta zama abin lura a wurinta sai jikinta ya shigo layin sosai. Ni kuwa tun da na ga tayarsa ta gaba ta karkato na san abin da zai yi. Taka birki yana kashe aikin na'urar nan take, sai ka danna maɓallin RES ta dawo kan gudun da ka saita. Na kalli maɓallin sandunan nan, Kawu ya karanci abin da ke raina.

"Kada ka rage, ɗana. Bar su su shiga. Wanda ya shiga gabanka bai tafi da hanyar ba."

Ban rage ba.

Wajen hantsi hanya ta cika da manyan motoci, muka daɗe a bayan wata tirela a kan 70. A irin wannan wuri ne mutane ke yin wani abu da na tsana. Sai mutum ya saita na'urar a 140, ya ce ai ba komai, na gaba zai riƙe ni. Yana nan yana bin tirela har ya manta lambar da ya sa. Ranar da tirelar ta kauce, ko shi ya karkata zuwa hanyar fita mai kwana, gabansa ya zama fili, motar ta zabura tana neman 140 ɗin da aka yi mata alkawari. Cibiyar IIHS ta Amurka mai binciken kiyaye haɗurran mota, tare da masu bincike na jami'ar MIT, ta bi direbobi 40 a yankin Boston na tsawon makonni 4, ta wallafa sakamakon a 2021: in na'urar na kunne a babbar hanya, yiwuwar direba ya zarce gudun doka ta ƙaru da kashi 24 cikin ɗari. Ban yi mamaki ba. Ƙafar da ke kan totur tana jin gudu a jikinta, yatsan da ke danna maɓalli ba ya jin komai. Lambar da ke kan allon hanya ita nake sawa, in allo ya canza in canza.

Da na samu sarari na wuce tirelar, na yi wa Kawu bayanin wani abu da ke cikin littafin wanda ya kamata a rubuta shi da jan alƙalami. Muddin ƙafarka na danne da totur, ko da kaɗan ne, na'urar ta bar maka ragama, ba za ta taka birki ba ko da ka kusa shafar na gaba. Wanda ya saba ɗora ƙafa a kan totur don hutawa yana iya kashe mata aiki bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan tafiya ya faru ne dab da tsakar rana. Muna bin wata doguwar bas a layin dama, gudu wajen 80, hanya miƙaƙƙiya, rana tarwai. Bas ɗin ta tare mana gaba gaba ɗaya. Kawu, wanda tun ɗazu ya yi shiru, ya ɗan karkata kai yana leƙen gefenta.

"Shirya. Motocin can gaba duk hagu suke komawa. Akwai abu a layin nan."

Bai rufe baki ba bas ɗin ta kunna sigina ta goce hagu. Ga wata babbar mota ta lalace a tsakiyar layinmu, tsaye cak, an ajiye ɗan jan alwatika a bayanta wanda bai yi nisan kirki ba. Hoton motar da ke allona ya ɓace. A wurin na'urar, wanda take bi ya tafi, hanya ta zama tata. Na ji injin ya ɗaga murya, motar ta fara jan gaba tana neman 100. Ƙafata na kan bakin birki, na danna sosai, na duba madubi, na bar wata mota ta wuce ta hagu, sannan na bi bayanta muka kewaye. Mun rage gudu da sauran fili mai yawa, ba wanda ya ji tsoro har ya yi salati da ƙarfi. Amma na ji abin da motar ta so yi, kuma jikina bai manta ba.

Ba lalacewa na'urar ta yi ba, haka aka gina ta. Radar tana samun amsa daga duk wani ƙarfe da ke gabanta: gadar sama, allon hanya, shingen gefe, motocin da aka ajiye a bakin titi. Da za ta taka birki saboda kowane ɗaya, da ba a yi kilomita biyar lafiya ba. Don haka aka koya mata ta fi kula da abin da ke motsi, ta yi watsi da yawancin abin da ke tsaye, musamman a babban gudu. Motar da ta gani tana tafiya har ta tsaya, tana iya binta ta tsaya. Wadda ta tarar a tsaye tun farko, tana iya ɗaukarta kamar allon talla. Sabbin motoci masu haɗa rada da kyamara sun fi na da ƙoƙari, amma har yau gargaɗin nan yana cikin littattafansu.

Irin wannan ne ya faru ranar 22 ga Janairun 2018 a babbar hanyar I-405, a Culver City ta jihar Kaliforniya. Wata Tesla Model S na bin wata mota a hankali, ta gaban ta sauya layi, sai ga motar kashe gobara a tsaye tana aiki a wurin wani haɗari. Teslar ta ƙara wuta tana neman gudun da direban ya saita, kusan kilomita 129, ta daki motar kashe gobarar da gudun kusan kilomita 50. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri a Amurka ta ɗora abin a kan rashin kulawar direban da yawan dogaronsa ga na'urar, da kuma tsarin da ya ba shi damar sakin tuƙi. Da na ba Kawu labarin, sai ya ce shi bai ga motar da ta lalace ba, motocin da ke gujenta ya gani. Radar mota ɗaya take kallo, ta gabanta. Direba yana kallon ta biyar da ta goma, yana kallon hayaƙi da ƙura da mutumin da ke ɗaga hannu a bakin titi.

Daga nan hanya ta shiga duwatsu, ta koma layi ɗaya kowane hannu, kwana na bin kwana. Na kashe na'urar gaba ɗaya. A kwana mai tsanani radar na iya rasa motar da take bi ta ƙara gudu a daidai inda ake son ragewa, ko ta kama wadda ke wani layin ta taka birki ba dalili. A kan tudu ma haka, na gaba na gangarawa ita tana kallon sama. Da muka zo doguwar gangara Kawu ya tuna mini dokarsu ta da, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Na sauke giya da hannu, inji ya riƙe motar. Na'urar da an bar mata, da birki za ta yi ta riƙewa har ƙasa, birki kuma in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake. A nan muka bi wata mota ɗauke da dogayen bututu da suka zarce bayanta da mita da yawa. Jikin motar radar za ta auna, bututun kuwa a daidai gilashinmu suke.

Bayan mun sauka fili na sake kunnawa, kuma a nan ne na fahimci haɗarin da ya fi wuyar gani. Hanya shar, ba kwana, ba mota, rana ta karkata tana dukan gefen fuska. Ƙafa ba ta aiki, hannu ɗan riƙo kawai yake, ido ba shi da abin lissafawa. Jiki ya samu hutu, wannan gaskiya ne, kuma don haka aka yi na'urar. Sai dai hankali in ya rasa aikin yi yawo yake tafiya. A wani bincike da gidauniyar AAA, ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta fitar a 2018, kashi 29 cikin ɗari na masu irin wannan na'ura sun ce wani lokaci sukan saki jiki su yi wani abu dabam tana kunne. Waɗannan su ne suka faɗa da bakinsu. Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa tuƙin mota da kanta mataki shida, daga 0 zuwa 5. Na'urar tazara ita kaɗai mataki na 1 ce. In an haɗa ta da mai riƙe mota a tsakiyar layi, ta zama mataki na 2. A duka biyun mutum ne ke tuƙi, shi doka ta sani, shi za a tambaya.

Kawu ya ce abin nan naka kamar sabon yaron mota ne. Yana da ƙarfi, ba ya gajiya, abin da ka sa shi zai yi, amma ba a miƙa masa sitiyari a koma baya a kwanta. Yana faɗa yana duban idona. Ya ce in tsaya a wurin hutawa na gaba, ko ban ji barci ba. Muka tsaya, na zagaya motar, na wanke fuska, na sake goge tambarin da ƙwari suka manne wa. Ga mai tafiya shi kaɗai, ba mai duban idonsa, dabarar da na ga ta fi ita ce ya riƙa kashe na'urar lokaci-lokaci ya karɓi totur, ya kuma tsaya ya miƙe ƙafa duk bayan awa biyu.

Da muka koma hanya muka tarar da masu gyaran titi, an matse layi da robobi, allo ya ce 60. Na'urar na riƙe da 100 ɗin ɗazu a ƙwaƙwalwarta, danna RES a wurin nan yana nufin a koma can. Da ƙafa na wuce, har robobin suka ƙare. A nan ne wata tifa ta watso tsakuwa, ɗaya ta bugi gilashin gaba ta sama, ta bar ɗan tsagu ƙasa da kyamarar kaɗan.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo. Yayyafi na farko bai hana na'urar aiki ba, amma ban jira ta gaza ba, na kashe. Tazarar da take bari ta busasshiyar kwalta ce, ba ta san titi ya yi santsi ba, kuma farkon ruwa ya fi santsi saboda man da ya kwanta a kan hanya. Da ruwan ya tsuge sosai, feshin tayoyin manyan motoci ya rufe gaba, sai rubutu ya fito a allo cewa radar ba ta gani. Na rage zuwa 60, na ninka tazara, na kunna fitila. In taya ta hau kan ruwa ta daina taɓa kwalta, abin da ake so shi ne a saki totur a hankali a riƙe sitiyari a miƙe, wanda ƙafarsa ke kan totur kuwa shi ya fi saurin jin lokacin. Hazo da ƙura mai kauri da ƙanƙara duk hukuncinsu ɗaya.

Akwai wani tarko a nan da na nuna wa Kawu. A wasu motoci, in ka daɗe da danna maɓallin kunnawa, na'urar tana komawa irin tsohuwar, mai riƙe gudu kawai ba ruwanta da tazara. Alamar da ke allo ce kaɗai ke bambanta su, ita ma ƙarama. Mutumin da ya saba motar na rage masa gudu, ya shiga wannan yanayi bai lura ba, zai zauna yana jiran birkin da ba zai zo ba.

Duhu ya fara lokacin da muka iso bakin garin, cunkoso ya kama tun daga gadar shiga. Motar tana da irin na'urar da ke bin na gaba har ta tsaya, in ya motsa ta motsa. Na gwada ta a inda layi ke tafiya a tsare, ta yi kyau ƙwarai, ƙafa ta huta da taka-saki. In tsayuwar ta wuce kamar daƙiƙa uku ba ta tashi sai ka danna RES ko ka ɗan taɓa totur, kuma na ga hikimar haka, don kafin ka danna sai ka duba ko wani ya ratsa tsakani. Muna shiga gari sosai na kashe ta. Babura na saƙawa ta kowane gefe, masu tafiya a ƙasa na tsallakawa, ga shataletale, ga danja. Babur siriri ne, in yana gefen layi radar na iya tsallake shi ta kama motar da ke gabansa. Danja kuwa yawancin waɗannan na'urori ba su san ta ba. In na gabanka ya wuce a kan ruwan ɗorawa, ita binsa za ta yi a kan ja.

Yaya na tsaye a ƙofa muka iso. Bayan gaisuwa da ban gajiya, ta zagaya motarta, idonta ya sauka a kan tsagun gilashin. Ta ce gobe za ta sa a canza.

"Yaya, ba kowane mai gilashi za ki kai wa ba. In an cire shi kyamarar nan ta motsa, sai an sake saita ta da na'ura. Ko bamba aka daka, radar ma sai an duba ta. Ɗan karkacewa kaɗan a nan, a mita ɗari ya zama wani layin."

Ta ce wanda ya sayar mata ya ce motar kusan tuƙa kanta take yi, shi ya sa ma ta zaɓe ta, saboda kai yara makaranta da dawowa daga aiki a gajiye.

Kawu ya ce, "'Yata, in kin gaji ki tsaya ki huta. A cikin gari kuma kada ki kunna shi sam."

Washegari da safe muka fita da ita wata hanya mara cunkoso a bayan gari, ita a sitiyari, ni a gefe, Kawu a baya. Ba mu kunna na'urar ba saboda gilashin. Na sa ta laluɓi SET da RES da CANCEL da maɓallin sanduna har ta iya taɓa kowanne ba ta sauke ido daga hanya ba, na nuna mata inda za ta ajiye diddige, na naɗe mata shafukan gargaɗin a littafin. Ta kira wani gareji ta tambaya ko suna da na'urar saita kyamara, suka ce suna da ita, ta kawo motar ranar Litinin.